Yadda ake nazarin hoton IRM na bazuwar ruwa a lakar ɓera daga kwamfuta a Damagaram

Na'urar da ake ɗaukar hoton lakar gadon bayan ɓera da ita ba irin IRM ɗin asibiti ba ce, ko da yake ita ma da maganaɗisu take ɗaukar hoton cikin jiki. Ta asibiti ƙarfin maganaɗisunta tesla 1.5 ne ko 3. Ta ɓeraye galibi tana farawa daga 4.7, an fi aiki da mai 7 da mai 9.4, akwai masu kaiwa 11.7 har 16.4. Raminta matsattse ne, kuma sai a manyan ɗakunan bincike na Turai, Amurka, Asiya da Ostareliya aka fi samunta. Shi ya sa ɗalibin likitanci ko na ilimin halittu a Jami'ar André Salifou kan ɗauka wannan fanni ba nasa ba ne. Alhali ɗaukar hoton rabin aiki ne kawai. Sauran rabin, inda ake fitar da lambobi a kuma fassara su, a kan kwamfutar hannu ake yin sa, kuma a nan ne bincike ke gyaruwa ko ya lalace. Wanda malaminsa ya haɗa shi da ɗakin bincike mai bayanai a ajiye, ko ya samo waɗanda masu bincike kan saki kyauta a rumbuna irin su Zenodo, OSF da OpenNeuro, zai iya gina kundinsa a kansu yana zaune a Birni ko Zango. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: ka san abin da na'urar ta auna

Ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, zafi na sa su kai-komo ba dare ba rana. Robert Brown ya ga alamar wannan motsi a 1827, Einstein ya ba shi lissafi a 1905. A ruwan da babu abin da ya tare shi, motsin daidai yake ta kowace fuska. A farin sashen laka kuwa, zaruruwan jijiya sun jeru daga kai zuwa wutsiya, kowanne da fatarsa, yawancinsu kuma da rigar miyelin. Ka ɗauko damin karan gero ka tsayar, ka zuba masa ruwa daga bisa: bin tsawon karan abu ne mai sauƙi, ƙetarawa daga wannan kara zuwa wancan shi ne wuya. Idan cuta ta cinye zaruruwan ko ta tuɓe musu riga, wannan bambanci na tsawo da faɗi yakan ragu, shi muke farauta.

Dabarar awon ta Stejskal da Tanner ce, tun 1965. Ana kunna giradiyan, wato maganaɗisun da ƙarfinsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri ta fuska ɗaya, na ɗan lokaci ya yi wa ƙwayoyin ruwa alama, a jira ƴan milisakan, a sake kunna wani ya warware alamar. Ƙwayar da ba ta gusa ba takan dawo da siginarta cif, wadda ta yi tafiya ta fuskar giradiyan ɗin takan yi asara. Denis Le Bihan ne ya shigo da wannan cikin hoton IRM a tsakiyar shekarun 1980. Ƙarfin awon ana kiran sa b, lissafin kuma shi ne S = S0 × e^(−bD), inda S0 siginar da ake samu ba giradiyan, S wadda ta saura, D kuma saurin bazuwar ruwan.

Ka gwada da kalkuletar wayarka, domin zai taimake ka in ka zo duba hotuna. A b = 1000 s/mm², wato 1 ms/µm², ruwa sake mai ɗumin jiki (D kusan 3.0 µm²/ms) siginarsa kan faɗi zuwa kashi 5 cikin 100. Ta tsawon zaruruwan lafiyayyar laka, inda D ke wajen 1.8, kashi 17 ke saura. Ta faɗinsu, inda D ke wajen 0.3, kashi 74 ke saura.

A 1994 Basser da Mattiello da Le Bihan suka fito da lissafin tensa, wato DTI. Aka auna ta fuskoki shida ko fiye, sai a samu lambobi uku a kowane boksel, wato ɗan ƙaramin ɗigon da hoton ya ƙunsa: λ1, λ2, λ3. Babbar cikinsu, λ1, ita ce AD, bazuwa ta tsawo. Matsakaicin ƙananan biyun shi ne RD, bazuwa ta faɗi. Matsakaicin duka ukun MD. FA kuma lamba ce daga 0 zuwa 1 mai nuna yadda motsin ya karkata fuska ɗaya.

Mataki na biyu: wane ɓera ne?

Kowane irin ɓera da inda cutarsa ke cin sa, kuma in ba ka sani ba za ka auna inda babu komai.

Wanda aka fi sani a cutar Charcot, wato ALS, mai kashe ƙwayoyin jijiyar motsi, shi ne SOD1-G93A, wanda Gurney da abokan aikinsa suka bayyana a 1994, shekara guda bayan an gano alaƙar ƙwayar halittar SOD1 da cutar. A jinsin B6SJL alamu kan fara bayyana wajen kwana 90 da haihuwa, ɓeran ya kai ƙarshe tsakanin kwana 120 da 130. A jinsin C57BL/6 yakan ɗan ƙara makonni. Ƙafafun baya ne ke fara mutuwa, saboda haka idonka na kan lakar ƙugu, ɓangaren ciki (wato na wajen tumbi) da na gefe. Binciken da aka yi a kansa ya sha nuna raguwar FA a can, ginshiƙin baya mai ɗaukar saƙon ji kuma bai cika taɓuwa ba.

Na biyu EAE, da ake kwaikwayon cutar siklerozi, mai tuɓe wa zaruruwa miyelin, da shi. Ana yi wa C57BL/6 allurar MOG35-55, wani guntun furotin miyelin, a haɗa da gubar ƙwayar tarin lala, bayan kamar kwana goma zuwa mako biyu wutsiya ta saki, shanyewar ta hauro ƙafafu. Ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. Tabonsa a warwatse suke, ga kumburi ga taron ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda zai ba ka wahala wajen fassara. Akwai kuma shiverer, da aka haifa da tawayar furotin MBP, kusan ba shi da miyelin amma zaruruwansa na nan. Idan aka ce maka ɓerayen kufurizon ne, wato waɗanda aka ciyar da sinadarin da ke zubar da miyelin, ka sani ɓarnarsa a ƙwaƙwalwa ta fi fitowa, ba a laka ba.

Mataki na uku: tambayoyin da za ka yi kafin ka karɓi ko fayil ɗaya

Ɗalibanmu kan ji nauyin tambayar babban farfesa na waje, sai su karɓi abin da aka turo su yi godiya. Ladabi ba ya hana tambaya. In ba ka iya rubuta musu kai tsaye ba, je wurin malaminka na gida ka ce: «Malam, don Allah a roƙar mana su haɗo da fayilolin na'ura da takardar bayanin dabbobin, kada su turo taswirar FA kaɗai.» Taswirar da wani ya riga ya lissafa ba za ka iya gano aibinta ba.

Abu na farko, da rai aka ɗauki hoton ko bayan mutuwa? Idan da rai ne, an sa ɓeran barci da isofuluran, yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yayin ɗauka. Ka tambaya ko an daidaita ɗaukar da numfashinsa, domin laka na motsi da kowane numfashi. Ka tambayi ɗumin jikinsa. Ɓeran da ke barci yakan huce nan da nan in ba a ɗumama shi ba, kuma bazuwar ruwa na sauyawa da fiye da kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Ɓera marar lafiya, ramamme, ya fi saurin hucewa. Ke nan ana iya samun bambancin MD tsakanin rukuni biyu wanda sanyi ne ya kawo shi, ba cuta ba.

Idan bayan mutuwa ne, an wanke jijiyoyin jini da ruwan gishirin PBS, an daskarar da naman da sinadarin PFA kashi 4 don kada ya ruɓe. Ka tambaya kwana nawa ya yi a cikin PFA, ko an jiƙa shi a PBS bayan nan don sigina ta dawo, ko an sa gadoliniyom mai ƙara sigina, da abin da aka nutsar da shi yayin ɗauka. Galibi Fomblin ne ko Fluorinert, waɗanda ba sa ba da sigina, shi ya sa kewayen lakar ke fitowa baƙi ƙirin. Naman da aka daskarar bazuwarsa kan ragu ninki biyu zuwa uku, don haka ake ɗaga b zuwa 2000, 3000 ko fiye. Kada ka taɓa jera lambobin mai rai da na matacce a jadawali ɗaya kamar abu guda ne.

Sai bayanin ɗaukar: b nawa, fuskoki nawa, hotunan b0 (waɗanda aka ɗauka ba giradiyan na bazuwa) nawa, girman boksel, kaurin falle, tsawon bugun giradiyan da tazarar da ke tsakanin bugu biyun. Fuska shida ita ce mafi ƙaranci da tensa ke karɓa. 30 ta fi kwanciyar hankali. Game da dabbobin kuma: shekarunsu a kwanaki, maza ko mata, ko lafiyayyun da za a kwatanta da su ƴan ciki ɗaya ne da marasa lafiyar, da lambar izinin kwamitin ɗa'a. Ka roƙa a ɓoye maka wane ne mai cuta, a ba kowane ɓera lamba kawai, mabuɗin ya zauna a hannun malaminka har ka gama awo.

Mataki na huɗu: kwamfuta

Mai RAM giga 8 ta isa hoton ɓera mai rai. Na 3D na bayan mutuwa ya fi son 16. Manhajojin duk kyauta ne: MRtrix3, FSL na Jami'ar Oksfod, ITK-SNAP don zane, Spinal Cord Toolbox na Polytechnique Montréal, sai R don ƙididdiga. Sun fi zama daidai a Linux. Mai Windows ya sa WSL, wanda ke kunna Linux a cikinsa. FSL na cin giga da yawa, ka sauke shi inda intanet ke da arha ko ka kwafa daga wanda ya riga ka.

Ka san halin kuran a watannin zafi, ka san ƙurar hunturu. Ka ajiye ɗanyen bayanan a dosiye ɗaya da ba ka taɓawa, da kwafinsa a wani faifai daban. Duk umarnin da ka buga ka rubuta shi a fayil ɗaya na rubutu, ta yadda in wuta ta ɗauke tsakiyar aiki, sake kunna fayil ɗin kawai za ka yi. Kafin bayanan ɓeran su iso, akwai na mutane da za ka saba hannu da su: a 2021 ƙungiyar Julien Cohen-Adad ta saki hotunan laka na mutum 260 daga cibiyoyi 42, da sunan spine-generic.

Mataki na biyar: juya fayil, sannan ka zauna ka kalla

Yawancin waɗannan na'urori na kamfanin Bruker ne, da manhajar ParaVision. Kowace ɗauka na da dosiye mai fayilolin acqp, method, da 2dseq a ciki. Manhajar BrkRaw na juya su zuwa NIfTI, tsarin fayil da manhajojin nazari ke karɓa. In a tsarin DICOM aka turo, sai ka juya da dcm2niix. Za ka fito da fayil uku: hoton kansa, bval mai jerin b na kowane hoto, da bvec mai jerin fuskar giradiyan na kowane hoto.

Buɗe fayil ɗin method da idonka ka nemi PVM_DwEffBval. Nan ne ainihin b da na'ura ta yi aiki da shi, kuma ba lallai ya yi daidai da wanda mai ɗauka ya rubuta ba, saboda sauran giradiyan na hoto su ma suna ƙara nasu. Ko b0 ma ba sifili ba ne cif. Ainihin shi za ka sa a bval. Ka ƙirga kuma: yawan lambobin bval, yawan ginshiƙan bvec, da yawan hotuna dole su zo ɗaya. Sai ka haɗa su:

mrconvert dwi.nii.gz -fslgrad dwi.bvec dwi.bval dwi.mif

Yanzu buɗe mrview, manhajar kallon hoto ta MRtrix3, kada ka yi garaje. A hoton b0 za ka ga ɗan zobe mai haske, ruwan da ke kewaye da laka ke nan, a ciki sashe mai ruwan toka ya yi siffar harafin H, ya ɗan fi farin sashen da ke zagaye da shi haske. Matsa zuwa hoton da giradiyan ya ƙetare laka: zoben ruwan ya ɓace, farin sashe ya haskaka, H ya dushe. Matsa zuwa wanda giradiyan ya bi tsawon laka: farin sashen ya yi duhu. Wancan 74 da 17 da ka lissafa ne kake gani da ido. Duba ginshiƙin bvec na kowane hoto ka tabbatar labarinsu ɗaya. Idan bvec ya ce giradiyan na bin tsawo amma farin sashe na haske, jerin ya hargitse ko an musanya layukan x, y, z.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan. Juya alamar fuska ɗaya a duk bvec, ko musanya x da y gaba ɗaya, ba ya canza FA ko MD. Alkiblar zaruruwa kawai yake karkatarwa, sai launin taswira ya fito ba daidai ba. Abin da ke ɓata lambobin kansu shi ne b marar daidai, ko jerin bvec da bai bi jerin hotuna ba, ko ma'aunin haske da Bruker ke ajiyewa a visu_pars wanda manhajar juyawa ta manta ta ninka. Waɗannan ukun ba sa ihu. Taswira za ta fito tsaf, lambobin ƙarya ne.

Bi kowane falle a kowane hoto. Wanda ɓera ya yi ajiyar zuciya a cikinsa za ka ga inuwar laka ta maimaitu ko falle ɗaya ya yi baƙi. Rubuta ƙa'idar jefar da hoto tun yanzu da ba ka san rukuni ba, ka bi ta a kan kowa.

Mataki na shida: tsaftacewa

Jeri na da muhimmanci. Cire hayaniya ne farko, kafin duk abin da zai gusar da boksel:

dwidenoise dwi.mif dn.mif -noise hayaniya.mif

mrdegibbs dn.mif dg.mif

Na farkon ya fi aiki idan hotuna sun kai talatin ko kusa. Da fuska shida kada ka sa masa rai sosai. Ɗebe dn daga dwi ka kalli saura: in kana ganin siffar laka a ciki, manhajar ta kwashe nama tare da hayaniya. Na biyun na goge layukan da ke fitowa a bakin iyakar ruwa da nama, waɗanda a abu ƙanƙane kamar lakar ɓera suna iya ratsa farin sashe duka.

Gyaran motsi falle-falle ya fi dacewa da laka, kamar yadda sct_dmri_moco ke yi. Shi eddy, mai gyaran motsi na FSL, don ƙwaƙwalwar mutum aka gina shi. Wasu kan ninka girman boksel sau goma a kan fayil don manhajojin mutane su karɓa. Dabara ce mai aiki, amma ka tuna da ita ranar da za ka auna faɗin laka: fili ya ninku sau 100, girma sau 1000. Bayan gyara ka sake kallo. A ganina, in gyaran bai fi na asali kyau ba, bar na asalin ka faɗi haka a kundi.

Mataki na bakwai: tensa

dwi2tensor dg.mif dt.mif

tensor2metric dt.mif -fa fa.mif -adc md.mif -ad ad.mif -rd rd.mif -vector v1.mif

Ƴan daƙiƙu ne. A taswirar FA hoton ya juye: farin sashe na ƙyalli, H ya yi duhu. A lafiyayyen ɓera mai rai ka sa ran FA wajen 0.7 zuwa 0.85 a farin sashe, ƙasa da rabin haka a mai ruwan toka. MD da ya haura 3 µm²/ms a cikin nama ba zai yiwu ba, koma ka duba b. FA mai yawa a tsakiyar H kuma alamar hayaniya ce, domin ƙarancin sigina na kumbura FA.

Mataki na takwas: zanen yankunan awo

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mafi yawan kundaye ke tuntuɓe.

Fara da tsayi. Dole ka kwatanta gaɓa ɗaya ta laka a duk ɓerayen, domin rabon fari da toka na sauyawa daga falle zuwa falle. Ɓera na da ƙasusuwan ƙirji 13, haƙarƙari na ƙarshe na manne da T13. Daga nan ake ƙirge a hoton tsaye da aka ɗauka don saiti. Laka ta fi ƙashin baya gajarta, saboda haka gaɓoɓin L3 zuwa L5, masu kula da ƙafafun baya, ba a ƙarƙashin ƙasusuwan L3 zuwa L5 suke ba. Suna can sama, kusan daidai T13 da L1. In takardar da aka turo ta ce «L4», tambaya: ƙashi ko laka?

Faɗin lakar ɓera bai wuce milimita biyu da ɗan wani abu ba ko a inda ta fi kauri. Da boksel na milimita 0.1, farin sashen ciki boksel uku ne ko huɗu a wasu wurare. Wanda ke bakin waje ya haɗa da ruwa, zai sauke FA ya ɗaga MD. Wanda ke bakin ciki ya haɗa da toka. Ka bar boksel ɗaya daga kowane baki idan wuri ya bari. Abin lura a SOD1: lakar mai cuta na ƙanƙancewa, ke nan bokselolin baki sun fi yawa a rabonsa, kuma wannan kaɗai na iya sauke masa FA. Ka auna faɗin lakar ka ba da rahotonsa tare da sauran lambobi.

Kada ka yi zane a kan taswirar FA. Hannu kan bi haske ba tare da mai shi ya sani ba, sai ka kauce wa wurin da ya dushe, wato wurin cutar, ka fito ka ce babu bambanci. Yi zane a ITK-SNAP a kan b0 ko hoton T2 mai nuna siffar nama, sannan ka ɗora shi kan taswirori.

Yankunan da aka saba su ne farin sashen ciki, na gefe hagu da dama, ginshiƙin baya, da ƙahon ciki na toka inda ƙwayoyin jijiyar motsi suke. Wanda ya karanci jikin mutum ya yi hattara da wannan: a mutum babbar hanyar da ke sauko da umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa a gefe take, a ɓera kuwa tana can ƙasan ginshiƙin baya, dab da toka. In ka zana ginshiƙin baya gaba ɗaya ka kira shi yankin ji, ka cakuɗa hanyar motsi a ciki.

Ga EAE, tunda tabo a warwatse yake, zana farin sashe duka a kowane falle ya fi tsintar wuraren da ido ya ga sun lalace. Spinal Cord Toolbox na da wasu tsare-tsaren zane na kai tsaye don ɓera, amma an horar da su kan hotunan wata na'ura. Gwada, sannan ka gyara da hannu. Bayan mako guda, ɗauki ɓeraye kaɗan ka sake zana su ba tare da kallon na farko ba, ko ka ba abokin karatunka ya zana, ku lissafa ma'aunin Dice, mai nuna yadda zane biyu suka hau kan juna. Idan bambancin zanenka biyu ya kai bambancin da kake nema tsakanin rukuni, hannunka kake aunawa.

Mataki na tara: ƙididdiga

Yanzu ka karɓo mabuɗin daga malam. Adadin samfurinka yawan ɓeraye ne, ba yawan fallaye ba. Ɓera takwas masu falle goma-goma takwas ne, ba tamanin ba. Ɗauki matsakaicin kowane yanki a kowane ɓera, ko ka yi aiki da lme4 a R idan an ɗauki ɓera guda sau da yawa yana girma. Ma'auni huɗu a yanki huɗu a lokaci uku gwaji 48 ke nan. A matakin 0.05, biyu ko uku za su iya fitowa «masu ma'ana» da sa'a kawai. Zaɓi babbar tambayarka tun kafin buɗe mabuɗi, misali FA na farin sashen ciki a ƙugu, sauran ka gyara su da hanyar Benjamini da Hochberg. A zanen sakamako kowane ɓera ya fito da ɗigonsa.

Mataki na goma: fassara

FA ta sauka. To me ya faru a cikin naman? FA ita kaɗai ba ta faɗa. Ɗauki misalin nan na lissafi: λ1 = 1.8, λ2 da λ3 = 0.3, FA ta ba da 0.81. Sauke λ1 zuwa 1.4 ka bar sauran, FA ta zama 0.75. Mayar da λ1 1.8 ka ɗaga ƙananan zuwa 0.4, FA ta zama 0.74. Ɓarna iri biyu, lamba kusan ɗaya. Dole ka nuna AD da RD a gefenta.

Ƙungiyar Sheng-Kwei Song ta Jami'ar Washington da ke Sen Luwis ce ta kafa fassarar da kowa ke maimaitawa. A 2002 suka nuna RD ya hau a ɓeran shiverer, AD bai sauya ba. A 2003, a jijiyar idon ɓera bayan an toshe wa idon jini, AD ya fara sauka lokacin da zaruruwa suka lalace, RD ya biyo baya da miyelin ya zube. Daga nan aka samu «AD na zare, RD na miyelin». Yana da amfani, amma a inda zaruruwa suka miƙe sambal kuma babu kumburi. A 2009 Wheeler-Kingshott da Cercignani suka ja kunne cewa inda zaruruwa suka gitta juna, ko cuta ta karkatar da alkiblar λ1, sunayen nan biyu na iya yaudara. Don haka a sashen toka kada ka fassara su haka ko kaɗan. A EAE ruwan kumburi na ɗaga RD ko miyelin na nan, taron ƙwayoyin garkuwa kuma na sauke AD ko zare bai tsinke ba. A SOD1 da ya yi nisa, zaruruwa sun mutu sun bar fili, RD ya hau ba don an tuɓe wa masu rai riga ba. Hanyoyi irin su DKI na 2005 da NODDI na 2012 an ƙirƙiro su ne don rage wannan ruɗani, sai dai suna bukatar b biyu ko fiye. Da b guda kada ka tilasta su.

Mai raba gardama shi ne madubin ƙara girma. Tambayi ɗakin binciken ko sun yanka lakar waɗannan ɓerayen sun rina: SMI-31 da SMI-32 don lafiyayyun zaruruwa da masu rauni, MBP ko Luxol don miyelin, GFAP da Iba1 don kumburi, ChAT don ƙirga ƙwayoyin motsi. In akwai, kwatanta a gaɓa ɗaya ta laka. In babu, ka rubuta «sakamakon ya yi daidai da lalacewar zaruruwa», kada ka rubuta «ya tabbatar». Haka nan wajen tsallakawa zuwa mutum: SOD1 na bayan kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na masu ALS, kuma magunguna da dama da suka ƙara wa wannan ɓera kwana ba su yi wa mutane komai ba.

Wajen rubuta babin hanyoyin aiki, bi ƙa'idojin ARRIVE na ba da rahoton bincike kan dabbobi, bugun 2020: yawan dabbobi a kowane rukuni, nawa aka cire da dalili, wa aka ɓoye wa me, lambar sigar kowace manhaja. Liƙa fayil ɗin umarninka a ƙarshen kundi yadda yake. Maganar wanda sunansa zai hau takarda in aka buga, da matsayin sunan jami'arku a kanta, a yi ta a rubuce tsakanin malaminka da masu bayanan tun ranar da suka amince su turo, kafin ka zana yanki na farko.